Mu Da Motocinmu: Tsumman Asuba Shi Ke Cin Fentin Mota

Ga hunturu ya sako kai. Duk wanda motarsa ke kwana a ƙofar gida a Nima ko Madina ko Aboabo ta Kumasi ya ga alama: da magariba ka bar ta tana ƙyalli, da asuba ka tarar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata garin rogo. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bawku kuwa ba a magana, sun riga mu shiga.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a kan idonmu. Wani dattijo maƙwabcinmu yana da baƙar mota wadda ya fitar daga tashar jiragen ruwa ta Tema shekara 3 da suka wuce. Bai taɓa yin karo da ita ba, bai taɓa ba da aronta ba. Da ya tashi sayar da ita domin ya cika kuɗin kujerar Makka, dillali ya kawo mai saye. Mutumin nan ko inji bai buɗe ba, sai ya ce a fito da motar cikin rana, ya sunkuya ya dubi bonat ta gefe. Mu ma muka sunkuya. Sai ga zane-zane sirara, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, tun daga goshin mota har but. Ya ce, "Baba, motar nan sai ta ga mai fenti, sai a rage mini kuɗinsa." Aka ja, aka ja, daga ƙarshe aka rage, kuma ragin ba kaɗan ba ne.

Bayan sun tafi dattijo ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kai, ashe ba kullum kake goge motar nan ba?" Yaro ya ce, "Wallahi Baba ko rana ɗaya ban taɓa tsallakewa ba, kafin in tafi makaranta nake goge ta." Gaskiya ya faɗa. Kuma wannan gugar tasa ta kullum ita ce ta yi ɓarnar. Ba mu ga laifinsa ba, domin abin da ya ga manya suna yi a kowace tashar tasi ke nan: busasshen tsumma, busasshiyar ƙura, a yi ta murzawa.

To, bari mu fara da fentin kansa, domin sai an san abin da ake taɓawa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai firaima, sai mai launi, sa'an nan a can sama akwai wani marar launi kamar gilashi wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana kada launi ya koɗe. Tun wajen shekarun 1980 masana'antun mota suka koma wa wannan tsari. Ana auna kaurin fenti da maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Duka hawan nan in an haɗa su, yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, kiliya kuma ita kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Silin gashin kan mutum sau da yawa ya fi ta kauri. Wannan 'yar fatar ita ce duk jarin da ke tsakanin motarka da mai fenti.

Ita kuwa ƙurar hunturu, a hannu laushi gare ta kamar hoda, shi ya sa ake raina ta. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Cadi, wanda a zamanin da can gindin babban tafki ne, iska ta ɗauko ta ta ƙetaro mana da ita daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris. In ta iso ta haɗu da jar ƙurar hanyoyinmu marasa kwalta. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da ido ba ya gani. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri a 1812, daga 1 zuwa 10. A kan wannan ma'auni farcen mutum 2.5 ne, gilashi wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7. Wato abin da ke iya karce gilashi, ina ga fenti? Duk ranar da aka ɗora busasshen tsumma a kan ƙurar nan aka murza, samfefa aka yi wa mota, sai dai mai laushi ce, ba a ganin aikinta a rana ɗaya. Baƙar mota da mai shuɗi mai duhu su ke fara tona asiri. Fara da mai ruwan azurfa suna da rufin asiri, amma su ma suna karcewa.

Har yaran unguwa da ke rubuta "a wanke ni" da yatsa a jikin mota mai ƙura, in ka wanke ka duba cikin rana, wani lokaci rubutun yana nan.

Saboda haka dokar farko ita ce kada komai ya taɓa jikin mota sai ruwa ya riga shi. Mun san abin da wani zai ce: ina ruwan yake? A unguwanni da yawa famfo sai ya ga dama yake zuwa, ruwa kuma saye ake yi a jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake wa laƙabi da galan ɗin Kufuor, masu cin lita 20 ko 25. To, ƙaramar mota jarka 2 ta ishe ta, in ta yi dauɗa ƙwarai 3. Mai wanki da tiyo a sake yana iya zubar da fiye da haka cikin minti 10 bai ma fara sa sabulu ba. Ba yawan ruwa ne wanki ba, sanin inda za a zuba shi ne.

A nemi inuwa, ko a yi wankin da sassafe ko bayan la'asar. A ɗora bayan hannu a kan bonat, in da zafi a dakata. Sabulu da ruwa in suka bushe a kan ƙarfe mai zafi tabo suke bari. A fara da tayoyi da wili, da bokitinsu daban da burushinsu daban, domin nan ne yashi da baƙar ƙurar birki suka fi taruwa, kuma ƙurar birki ɓarɓashin ƙarfe ce. Abin da ya taɓa taya har abada ba shi ba jikin mota.

Daga nan a ɗebi ruwa da kofi ko buta a yi ta kwararawa daga rufin mota zuwa ƙasa, ba tare da sa hannu ba, har sai ƙurar da ke kwance ta gangara. Kusan sulusin ruwan a nan ya kamata ya tafi, kuma kada a ji ƙyashinsa, shi ne mafi amfani a duk wankin.

Sai maganar bokiti biyu, wadda mu kanmu da muka fara jin ta mun ɗauka iyayi ne. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma tawul a na sabulu, ka wanke yanki ɗaya, misali rabin rufi, sa'an nan ka ɗauraye tawul ɗin a na ruwa zalla, ka matse a ƙasa, kana ka koma na sabulu. In ka gama wanki ka tsiyaye bokitin ɗauraya a hankali ka shafa gindinsa da yatsa. Yashin da za ka ji a nan, da bokiti ɗaya kake aiki, da duk ya koma jikin motarka. Tun ranar da muka yi wannan gwaji ba mu sake musu ba. Kada tawul ya riƙa kai wa gindin bokiti. Ana sayar da wata rariyar roba da ake sakawa a ƙasan bokiti domin haka, in ba a samu ba a kifa ƙaramin kwandon roba, aikin ɗaya ne.

Daga sama ake farawa: rufi, gilasai, bonat, but, saman ƙofofi, sa'an nan ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe, in da hali da wani tawul ɗin dabam. Hannu ya tafi a miƙe, gaba da baya, ban da zagayawa, kuma ban da dannawa. Nauyin jiƙaƙƙen tawul ya isa. Ba wai miƙaƙƙen hannu ba ya karcewa ba ne in da yashi, sai dai zane mai zagaye ta ko'ina rana ta bugo shi sai ya nuna. A tuɓe zobe da agogo, a lura da kan bel in za a miƙa a wanke rufi. Mun taɓa ganin ƙofar da zoben azurfa ya yi wa layi tun daga madubi har mariƙi.

Da me za a wanke? A nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Soson katifa da ake yankowa, fuskarsa a shafe take, yashi ba shi da wurin ɓuya, sai ya tsaya tsakanin soso da fenti. Tsohuwar singileti da tsohon zane su ma haka. Soson wanka na raga, wato sapo, wannan ko kusa. Abin da ya dace shi ne tawul ɗin maikurofaiba, mai gashi-gashi, wanda ake saƙawa da zaren roba siriri ƙwarai, yana ɗauke ƙwayar yashi ya shige da ita cikin gashinsa. Ana samunsa a shagunan kayan mota na Abossey Okai da Suame Magazine, har a hannun masu talla a kan titi, sai dai a zaɓi mai kauri da laushi. A cire 'yar takardar da ke ɗinke a gefensa. In ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi. A wanke shi shi kaɗai, a shanya a igiya, ba a kan katanga ko a ƙasa ba, kuma kada a sa masa guga.

Sabulu kuma, garin wankin tufafi da muke kira omo ko da wane kamfani ya yi shi, an yi shi ne domin ya ci maiƙo, kuma yana da kaifi irin na kanwa. Yana wanke kakin da ke kare fenti tas, yana busar da robobin gilashi, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karcewa. Sabulun salo, alata samina, a bar wa jiki. Shamfun mota ba shi da wannan kaifin, yana da santsi, kuma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti, don haka kwalba ɗaya tana daɗewa. Sabulun ruwa na wanke-wanke ana iya amfani da shi sau ɗaya a ranar da ake son cire tsohon kaki a sa sabo, amma ba na kowane mako ba ne. Masu ɗiga kananzir ko man gas a ruwan wanki wai don ƙyalli, ƙyallin na awa biyu ne, bayan haka mota ta zama tarkon ƙura.

In an ɗauraye kada a bar wa rana aikin busarwa, musamman mai amfani da ruwan rijiya ko bohol. A wasu unguwannin bakin teku ruwan yana da zartsi, in ya bushe sai ya bar ɗige-ɗige farare, waɗanda in sun daɗe suna cin kiliya. A shimfiɗa babban busasshen tawul a ja shi a hankali, ko a riƙa dannawa ana ɗagawa. Tabon ruwan da bai daɗe ba, ruwan khal da aka surka da ruwa rabi da rabi yana fitar da shi, sai a ɗauraye nan take. Mazauna Teshie da Nungua da Chorkor kuma su riƙa watsa ruwa a ƙarƙashin mota da cikin kumatun taya, domin iskar teku gishiri take ɗauke da shi, tsatsa kuma daga ƙasa take farawa.

Yanzu ga tambayar da direbobin tasi za su yi, kuma suna da gaskiya: mutum ba zai fita neman fasinja da mota buɗu-buɗu ba, ba kuma zai yi wankin jarka 2 kowace safiya ba. Shawararmu ita ce bokiti ɗaya na lita 10. A kwarara rabi daga sama, a jiƙa tawul sharkaf a bi jiki sau ɗaya ana juya shi zuwa gefe mai tsabta, a tsane. Ba ta kai cikakken wanki ba, amma ta fi busasshiyar guga nesa ba kusa ba. Mai motar gida kuwa ya wanke gilasai da fitilu kawai ya kama hanya, ya haƙura da jiki har ranar Asabar. Ƙurar da ke kwance ba ta cin fenti, sai an murza ta. A tabbata tankin ruwan waifa a cike yake, domin waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura ita ke yin wannan bakan zane da ke kashe ido da dare. Rigar mota tana da amfani, amma a kan wankakkiyar mota kaɗai. In aka lulluɓe mai ƙura iska ta kwana tana kaɗa rigar, gara ma ba a rufe ba.

Akwai abu guda da ba a jira Asabar dominsa: kashin tsuntsu da na jemage. Wanda ya taɓa ajiye mota a ƙarƙashin itatuwan da ke kewayen asibitin soja na 37 a Ankara, ko kusa da gidan namun daji na Kumasi, ya san jemagun da muke nufi. Kashin yana da tsami mai cin fenti, in rana ta gasa shi, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin tambarin da wanki ba ya fitarwa. Kada a kankare da farce ko makulli. A jiƙa tawul ko takarda mai laushi a ɗora a kai minti 5 zuwa 10, in ya jiƙa a ɗauke shi sama, kada a ja shi gefe, domin akwai tsakuwa da 'ya'yan itace a ciki. Kwalbar ruwa da ɗan tawul a but sun isa wannan aiki. Kwalta da ta fantsamo a ƙasan ƙofa, ɗigon kananzir a tsumma mai laushi yana narkar da ita, sai a wanke wurin da sabulu. Fetur da tina a bar su. Man birki kuma da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, in ya ɗiga a fenti ɗaye shi yake yi.

Sai mu zo kan folish, inda ake yawan ruɗewa. Abu biyu ne mutane ke kira da suna ɗaya. Folish na gaskiya yana da ɗan kaushi a ciki, aikinsa shi ne ya ci saman kiliya kaɗan har ta daidaita da gindin zanen, sai zanen ya ɓace. Kaki kuwa, wato waks, ba ya cin komai, rufi ne ake shafawa a sama. Na farko ragi yake yi, na biyu ƙari. Wanda ya gane wannan ba zai yarda a riƙa yi wa motarsa folish kowane wata ba, domin kiliyar da aka ci ba ta tsirowa. Sau ɗaya a shekara ya isa, in ma da bukata. Mai kaushi sosai da masu fenti ke kira kwamfawun, da injin gurza mai juyawa da ƙarfi, a bar wa wanda ya iya, domin a gefen ƙofa da kan tudun bonat fenti ya fi siranta, cikin ƙiftawar ido ake ƙone shi. In rufin mota ya fara yin fari-fari yana ɓarewa kamar sāɓar maciji, kiliya ce ta mutu, babu folish ɗin da zai tashe ta.

Kafin a sayi folish a gwada zanen da farce. In farce ya wuce bai maƙale ba, zanen a saman kiliya yake, zai fita ko ya ragu. In ya maƙale, ko ana hango fari ko toka-toka a ciki, ya wuce aikin gida, a sa masa ɗigon fenti kada tsatsa ta shiga. In za a yi da hannu, a wanke mota tukuna ta bushe, a shiga inuwa, a ɗiga folish kamar ƙwayar gyaɗa 3 a kan soso mai laushi na musamman, a yi yanki kamar faɗin faranti a lokaci guda, a goge da tawul mai tsabta tun bai bushe ba. A fara gwadawa a wurin da ido ba ya kai wa. In launin mota ya fito a jikin soson, ko dai fentin ba shi da kiliya, kamar na tsofaffin motoci da yawancin feshin ruwan ɗorawa da ake yi wa kumatun tasi, ko kuwa an riga an cinye ta. Ko wanne ne, a sassauta hannu.

Kakin da aka fi sani shi ne kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Abin da ya sa aka zaɓe shi, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, alhali kakin zuma yana narkewa a wajen 63, rufin baƙar mota kuma a tsakar ranarmu yana iya wuce wannan. A shafa shi siriri ƙwarai, yawan shafawa wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. In ya yi hazo-hazo a ja yatsa a kai, in wurin ya fito fes lokacin gogewa ya yi. A kiyaye baƙaƙen robobi, yana bar musu farin tabo. A irin ranarmu kanuba ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu, na haɗin kimiyya yakan kai wata 4 zuwa 6. Akwai kuma mai tsada da ake kira siramik wanda ke daɗewa fiye da haka, amma kada wani ya ce maka yana hana yashi karcewa. Alamar kaki yana nan ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa yana gangarewa, in ya koma kwanciya shimfiɗe to ya ƙare. Mu dai muna sawa a farkon hunturu, mu sake kafin ruwan Afrilu.

Gargaɗi ga masu sababbin shigowa: motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka da Kanada sun taɓa yin haɗari, a nan ake gyara su a fesa musu fenti. Sabon feshi yana bukatar wata ɗaya zuwa 3 yana fitar da sauran tinar da ke cikinsa, in aka rufe shi da kaki da wuri yana iya dusashewa. A tambayi wanda ya yi feshin yaushe ya yi, a wannan tsakanin kuma ruwa da shamfu kawai.

Shi kuwa yaron maƙwabcinmu, yanzu tasin kawunsa yake wankewa ranar Lahadi, da bokiti biyu, kuma mun ji shi yana yi wa wani ƙaninsa tsawa don ya ajiye tawul a kan dakali. A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba fitilun gaba da ke yin jaja-jaja su rage haske, da abin da ake yi musu a gida kafin a kai ga sayen sababbi.